Mawaƙin Da Ya Zama Makaɗin Kansa

Kowa ya sani waƙa aikin taro ce. Mawaƙi ya kan tsaya a gaba, makaɗa suna bayansa, 'yan amshi suna karɓa masa, in ɗayansu ya yi fashi nan da nan sai a ji giɓi. Ko mawaƙin da ke yawo shi kaɗai da molonsa, iyakarsa abin kiɗa guda da murya guda, gama hannu biyu gare shi da baki ɗaya. Haka abin ya ke a ko'ina cikin duniya tun zamanin kakanni.

Amma yanzu akwai waɗansu mawaƙa da su kan shiga ɗaki su rufe ƙofa, bayan 'yan watanni su fito da waƙa wadda in ka ji ta sai ka rantse mutum shida suka taru a kanta. Ga ganga, ga jita, ga fiyano, ga 'yan amshi, alhali kuwa duk mutum ɗaya ne. Shi ya tsara waƙar, shi ya kaɗa, shi ya rera, shi ya amsa wa kansa, kuma shi zai kai ta kasuwa. Irin waƙar da mu ke magana a kanta ita ce wadda Turawa ke kira pop, watau waƙar jama'a, 'yar gajeriya ta minti uku ko huɗu, mai daɗin karin murya, wadda in mutum ya ji sau biyu sai ya tarar yana ta maimaita ta a ransa.

Wannan abu bai samu dare ɗaya ba. Ƙofa biyu ke rufe a gaban mawaƙin da ke son ya yi aikinsa shi kaɗai, ta ɗaukar murya da ta kasuwa. Ta farko ta fara buɗewa tun 1947, ta biyu kuwa ba ta buɗe sosai ba sai bayan shekara wajen sittin. Wanda ya shige ta farko ya tarar da ta biyu a kulle ya sha wuya ƙwarai, kamar yadda za mu gani cikin labarin wani saurayi na ƙasar Amurka mai suna Emitt Rhodes. Amma bari mu soma daga tushe.

ZAMANIN DA SAI AN TARU

A cikin 1877 Thomas Edison, mutumin Amurka, ya ƙago na'ura ta farko mai kama murya ta kuma maido ta. Bayan shekara goma, watau 1887, wani Bajamushe mazaunin Amurka, Emile Berliner, ya fito da garmaho mai shimfiɗaɗɗen faifai, wanda a ke iya buga dubbai daga uwa guda. In za a ɗauki waƙa a wannan zamani, sai a kafa wani ƙaton mazurari, mawaƙi da makaɗa su taru a bakinsa. Ƙarar ta bi ta cikinsa ta girgiza wata allura, allurar kuwa ta riƙa zane a kan kaki. Mai ƙaramar murya a matso da shi kusa, mai busa ƙaho a tura shi can baya. In wani ya yi kuskure ana dab da gamawa, sai a ajiye wannan kakin a sake daga fari.

A cikin 1925 aka soma ɗauka da makirufo da lantarki. Murya ta ƙara fita tangaram, amma ƙa'idar aikin ba ta sake ba, sai kowa ya hallara a ɗaki guda a lokaci guda. Ga shi kuma kayan aikin suna da tsadar gaske, ba mai iya sayensu sai manyan kamfanoni. Su ke da ɗakin ɗaukar murya, su ke da injin buga faifai, su ke rarraba wa kantuna, su ne kuma masu faɗa a ji a gidajen rediyo. Mawaƙin da kamfani bai so ba, muryarsa ba ta wuce garinsu.

An ɗan taɓa gwada aikin mutum guda a 1941, sa'ad da wani mabushi na birnin New Orleans, Sidney Bechet, ya shiga ɗakin kamfanin RCA Victor ya kaɗa abubuwa shida ɗaya bayan ɗaya, ma'aikatan kamfanin suna ɗora kowane a kan na baya. Mutane suka yi mamaki, amma sun ɗauke shi abin nuni kawai.

LES PAUL DA GAREJINSA

Wanda ya mai da abin sana'a shi ne wani makaɗin jita mai suna Les Paul, wanda aka haifa a jihar Wisconsin a 1915. Tun yana yaro ba ya barin na'ura ta zauna lafiya, sai ya kwance ta ya ga abin da ke ciki. Da ya zauna a Hollywood sai ya mai da garejin gidansa ɗakin ɗaukar murya, ya harhaɗa injunan yanka faifai da hannunsa. Ga yadda ya kan yi. Ya kaɗa zubi na farko a kan faifai ɗaya. Sa'an nan ya sa faifan yana juyawa, shi kuma yana bin sa da wani kiɗan, inji na biyu yana kama su duka a kan sabon faifai. Ya sake ɗaukar wannan sabon ya ɗora masa na uku, haka haka har ya ƙoshi. Wani zubin ma ya kan ɗauke shi inji na tafiya a hankali, in an maido shi daidai sai kiɗan ya fito da sauri da siririyar murya irin wadda yatsun mutum ba su iyawa.

Da wannan dabara ya yi wani kiɗa mai suna “Lover” a 1947, jita takwas ke ciki, duk shi ne. Kamfanin Capitol ya fitar da shi a 1948, makaɗa suka yi ta tambayar juna yadda aka yi.

Ana nan sai tef ya iso Amurka. Jamusawa suka gyara wannan na'ura, sun nuna ta a Balin tun 1935. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 wani sojan Amurka, Jack Mullin, ya komo gida da guda biyu. Mawaƙin nan Bing Crosby ya ga amfaninta, ya zuba dala 50,000 a wani ƙaramin kamfani mai suna Ampex don a ƙera irinta, ya kuma ba abokinsa Les Paul guda. Fifikon tef a kan faifai shi ne ana iya shafe shi a sake ɗauka, ana iya yanke shi da reza a liƙa. Les Paul ya ƙara wa injin wani ɗan kai, har ya zama yana ɗora sabon zubi a kan tsoho cikin inji guda. Amma fa da hatsari, gama sabon na shiga tsohon na shafewa, in ya yi kuskure a zubi na goma duk na baya sun tafi. Duk da haka shi da matarsa Mary Ford suka yi waƙar “How High the Moon” a gida, ita ce uwar waƙa ita ce kuma 'yan amshi, a 1951 waƙar ta yi mako tara tana kan gaba a Amurka.

A 1957 Ampex ya kawo masa injin da ya warware matsalar. An raba faɗin tef ɗin layi takwas, kamar kunyoyin gona, kowane abin kiɗa da kunyarsa. In ganga ta ɓaci sai a shafe layinta kaɗai, sauran suna nan. Kuɗinsa dala 10,000, saboda haka ba kowa ke iya saye ba. Amma da shekaru suka tura sai masu layi huɗu suka yawaita, har a kan sami tsoho a saya da sauƙi. A watan Afrilu na 1970 Paul McCartney, ɗaya daga cikin mawaƙan nan huɗu na Ingila da a ke kira Beatles, ya fitar da faifai wanda ya ɗauki yawancinsa a gidansa na Landan da inji mai layi huɗu, shi ya kaɗa kome da kome. Shi dai attajiri ne, sunansa ya riga ya game duniya, ba kamfanin da zai matsa masa. A cikin wannan shekara kuma wani yaro ɗan shekara 20 yana can Kalifoniya yana irin wannan aiki, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

YARON HAWTHORNE

An haifi Emitt Rhodes ran 25 ga Fabrairu 1950 a garin Decatur ta jihar Illinois. Yana ƙarami iyayensa suka ƙaura zuwa Hawthorne, kusa da birnin Los Angeles. Da ganga ya fara. Bai cika shekara 16 ba ya zama makaɗin wata ƙungiya mai suna Palace Guard, a 1966 kuma ya kafa tasa, Merry-Go-Round, inda ya koma jita, yana tsara waƙoƙi yana rerawa. Kamfanin A&M ya ɗauke su, waƙarsu “Live” ta yi farin jini a Los Angeles a 1967. Amma zaman bai daɗe ba, a 1969 ƙungiyar ta watse.

Maimakon ya nemi waɗansu abokan, sai ya sami tsohon injin Ampex mai layi huɗu, ya kafa shi a wani ɗaki a bayan gidan iyayensa, ya shiga aiki shi kaɗai. Ya kamata mai karatu ya san wahalar da ke cikin irin wannan aiki. Tun kafin mutum ya taɓa wani abin kiɗa sai ya ji waƙar duka a ransa, ya san inda kowane abu zai shiga da inda zai fita. Sa'an nan ya kaɗa zubin farko cikin shiru, ba abokin da zai bi. Ya maido tef baya, ya sa abin sauraro a kunne, ya ɗora na biyu, ya ɗora na uku. To, saura layi ɗaya, ga abubuwa da yawa ba su shiga ba. Dole ya gauraya ukun nan ya juye su a kan na huɗu, ya shafe su don ya sami fili. Da zarar ya juye kuwa ba gyara, in ganga ta danne fiyano ta danne ke nan. Kowace juyawa kuma tana rage wa kiɗan haske, tana ƙara masa wani shuu. Ga shi shi ne mai danna inji, shi ne mai komawa da gudu ya zauna gaban ganga. Abin da mutum biyar za su gama da yamma ɗaya ya kan ci wa mutum guda mako biyu ko fiye.

Da ya tara abin nunawa sai ya kai wa kamfanin ABC/Dunhill. Suka ji suka yaba, suka ba shi dala 5,000 kafin alƙalami, ya sa hannu a takarda, ya kwashe kuɗin ya ƙaro kayan aiki. Wajen ƙarshen 1970 faifan ya fito da waƙa 12, sunansa kawai aka sa masa, Emitt Rhodes. Ya hau har mataki na 29 cikin jerin fayafan da aka fi saye a Amurka, wanda mujallar Billboard ke bugawa. Masu sharhi suka yi ta yabo, waɗansu masu sauraro har suka zaci McCartney ne, don karin muryar ya yi kama. Daga baya aka yi masa laƙabi da Beatles na mutum guda.

Wani abin dariya, a zamanin nan dokar ƙungiyar makaɗa ta hana babban kamfani ya fitar da faifan da ba a ɗakin ɗaukar murya na sosai aka yi shi ba. Saboda haka ba a iya rubuta a bangon faifan cewa a gida aka yi shi ba. Sai aka zana maganar da ƙananan baƙaƙe a jikin faifan kansa, can kusa da tsakiya inda allura ke ƙarewa, mai ido ya gani.

TAKARDAR DA TA KARYA SHI

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Takardar da Rhodes ya sa wa hannu ta ce zai riƙa ba kamfani sabon faifai kowane wata shida, watau faifai shida cikin shekara uku. Bari mu yi lissafi. In kowane faifai na da waƙa 12, waƙa 72 ke nan, biyu kowane wata, a tsara, a kaɗa, a rera, a gauraya, ba hutu ba ciwo. Gaskiya ne Beatles sun yi ta fitar da faifai biyu a shekara daga 1963 zuwa 1965. Amma su huɗu ne, masu tsara waƙa a cikinsu sun fi ɗaya, ga George Martin yana shirya musu, ga ma'aikata na riƙe da inji. Waƙa goma na faifansu na farko ma rana ɗaya suka ɗauke su, ran 11 ga Fabrairu 1963. An auna wa mutum guda kayan ayari.

Ana cikin haka sai tsohon kamfaninsa A&M, da ya ga sunan yaron ya fito, ya tattaro waɗansu waƙoƙi da ya yi musu a da ya fitar da su da sunan The American Dream. Masu saye suka ruɗe, ba su san wanne ne sabo ba, ciniki ya rabu biyu.

Faifansa na biyu, Mirror, ya ci masa wajen wata tara, ya fito a 1971. Kamfanin Dunhill ya kai shi ƙara yana neman dala 250,000 don saɓa alkawari, ya kuma riƙe rabonsa na cinikin fayafai. Ka ga mutumin da aka ba dala 5,000 ana bin sa ninkinta hamsin. Ya daure ya yi na uku, Farewell to Paradise, ya fito a 1973, har da goge irin na Turawa da abin busa ya ƙara a ciki, duk shi ke kaɗawa. Faifan bai yi kasuwa ba. Daga nan ya yi shiru, bai ko kai shekara 25 ba. Ya koma ma'aikaci a kamfanin Elektra yana ɗaukar muryar waɗansu, daga baya ya riƙa aiki a ɗakin ɗaukar murya na gidansa a Hawthorne.

In an duba, gwaninta ba ta gaza masa ba, inji ma bai gaza masa ba. Abin da ya rasa shi ne hanyar da waƙarsa za ta kai kunnen jama'a ba tare da ta bi ta hannun kamfani ba. A 1970 kuwa babu wannan hanya. Buga faifai sai da kuɗi masu yawa, in ma ka buga, wane kanti zai karɓa daga hannunka, wane gidan rediyo zai sa?

KASET DA GIDAN WAYA

Abin da ya fara sassauta wannan ƙulli shi ne kaset, wanda kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi a 1963. Shi kaset ba ya bukatar injin bugawa, duk mai rikoda biyu yana iya juye shi a ɗakinsa, ko guda ɗaya a ke so ko guda ɗari. A 1979 kuma kamfanin TEAC na Japan ya ƙera wata 'yar na'ura mai suna Portastudio, wadda ke ɗaukar layi huɗu a kan kaset na kasuwa, mutum na iya rungumarta ya ɗora a kan tebur. Har manyan mawaƙa sun yi aiki da ita. Bruce Springsteen ya ɗauki waƙoƙi da ita a ɗakin kwana a farkon 1982 don ya nuna wa makaɗansa, da aka sake su a babban ɗaki sai ya ga na kaset ɗin sun fi rai, ya fitar da su yadda su ke da sunan Nebraska.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka ci moriyar kaset wajen sayarwa shi ne R. Stevie Moore, haifaffen Nashville a 1952, ɗan wani shahararren makaɗi. Tun yana saurayi ya ke ɗaukar waƙoƙinsa a gida. Faifansa na farko, Phonography, guda 100 kacal aka buga a 1976. A 1982, yana zaune a jihar New Jersey, ya buɗe ciniki ta gidan waya. Mai so ya aiko da kuɗi da sunan abin da ya ke so, shi kuma ya juye masa a kaset ya aika. Da haka ya fitar da kundin waƙoƙi sama da 400. Ba wanda ya ƙayyade masa wata shida, ba wanda ya kai shi kotu. Amma kuma bai yi arziki ba, gama sai wanda ya riga ya ji labarinsa ke aikowa. Wata mawaƙiya ta birnin Buffalo, Ani DiFranco, ta bi wata hanyar. A 1990 ta kafa ɗan kamfaninta, Righteous Babe, tana yawon wasa gari gari tana sayar da kaset daga bayan motarta, manyan kamfanoni suka yi ta zawarcinta tana ƙi.

KWAMFUTA DA INTANET

Kwamfuta ta ƙarasa abin da Les Paul ya soma. A cikinta layi ba shi da iyaka, juyawa ba ta rage haske, kuskuren baƙi ɗaya a kan gyara shi ba sai an sake waƙar ba. A 2004 kamfanin Apple ya soma sa manhajar GarageBand a cikin kwamfutocinsa, ta fi injin dala 10,000 na 1957 iya aiki nesa ba kusa ba. Intanet kuma ta buɗe ƙofar kasuwa. A 1998 wani makaɗi, Derek Sivers, ya kafa CD Baby don sayar da fayafan mawaƙan da ba su da kamfani. A 2003 aka buɗe MySpace, inda a lokacin kowa ke iya ajiye waƙarsa duniya ta ji. A 2008 Bandcamp ya fito, inda mawaƙi ke sa kuɗin da ya ga dama, mafi yawan cinikin kuma ya shiga aljihunsa.

Ga misalin abin da wannan ya haifar. Akwai wani saurayi a garin Owatonna ta jihar Minnesota, Adam Young, haifaffen 1986, yana aikin lodi a siton Coca-Cola. Ba ya samun barci da dare, saboda haka ya kan sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan iyayensa ya yi ta harhaɗa waƙoƙi da kwamfuta. A 2007 ya soma sa su a MySpace da sunan Owl City, ya fitar da kundi biyu da kansa, na 2007 da na 2008. Masu sauraro suka yi ta ƙaruwa har kamfanoni suka zo nemansa. Ya shiga Universal Republic a 2009, kafin shekarar ta ƙare waƙarsa “Fireflies” ta zama ta ɗaya a Amurka, a farkon 2010 kuma ta zama ta ɗaya a Ingila. Shi da Rhodes duk a gidan iyayensu suka yi aiki, duk su kaɗai. Bambancinsu shi ne Rhodes ya je ƙofar kamfani yana neman a kai shi ga jama'a, Young kuwa kamfani ya same shi da jama'arsa a hannu. Mai kaya a hannu shi ke taya wa kansa daraja.

Kada fa a zaci wahala ta ƙare. Da ƙofa ta buɗe kowa ya shiga. A 2023 masu ƙidaya sun tarar ana zuba sababbin waƙoƙi fiye da 100,000 kowace rana a dandalin sauraron waƙa na intanet, mafi yawansu kuwa ba mai jin su. Spotify, wanda aka buɗe a ƙasar Suwidin a 2008, abin da ya kan biya in an saurari waƙa sau ɗaya bai kai santi guda na dala ba, daga 2024 kuma ya daina biyan kome a kan waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin wata 12 ba. Ajiya a gidan wani ma tana da nata hatsari. A 2019 MySpace ya sanar da cewa waƙoƙin da aka ajiye masa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta, an ƙiyasta sun kai miliyan 50. Ga shi kuma mawaƙin da ba shi da kamfani shi ne magatakardan kansa, shi ne ɗan talla, shi ne ma'aji, lokacin da zai ba waƙa sai ya raba shi da waɗannan duka. Na'ura ta ɗauke masa bukatar makaɗa da injin buga faifai, amma jawo hankalin mai sauraro har yanzu sai da mutane, wani ya ji ya gaya wa wani.

ƘARSHEN LABARIN RHODES

Ta wannan hanya ta baki da baki sunan Emitt Rhodes ya ƙi mutuwa. Tun 1968 wata ƙungiya ta Ingila, Fairport Convention, ta rera wata waƙarsa, a 1984 kuma 'yan matan nan na Bangles suka sake rera “Live”. Masu neman tsofaffin fayafai suka riƙa farautar nasa. Sau biyu ya yi haramar komowa, a 1980 da 2000, abin bai yiwu ba. A 2001 aka sa waƙarsa “Lullabye” a cikin wani fim mai suna The Royal Tenenbaums, samarin da ba a haife su ba sa'ad da ya yi ta suka shiga tambayar mai ita. A 2009 wani Ba'italiye, Cosimo Messeri, ya yi fim a kan rayuwarsa.

Daga bisani wani matashin mawaƙi, Chris Price, ya yi ta zuwa gidansa har suka saba, ya ga waƙoƙin da dattijon ya tara shekara da shekaru ba wanda ya ji. Ya lallashe shi, ya tara masa makaɗa da mawaƙa waɗanda suka tashi da jin fayafansa, irin su Aimee Mann da Susanna Hoffs. Masoyansa kuma suka taimaka da kuɗi ta intanet. A watan Fabrairu na 2016 faifan ya fito da sunan Rainbow Ends, shekara 43 bayan na 1973. Wannan karon ba shi ya kaɗa kome da kome ba, ya zauna cikin taro ya rera, waɗansu suka riƙe masa kiɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun gwani ne.

Abin da mai sana'a zai ɗauka daga wannan tarihi, ko mawaƙi ne ko maɗinki ko maƙeri, shi ne iya aiki daban, mallakar hanyar kasuwa daban. Kafin mutum ya sa hannu a takardar wanda zai sayar masa da kaya, ya auna abin da aka ɗora masa da ƙarfinsa, ya san kuma wa zai mallaki aikin bayan an gama, gama daɗin kafin alƙalami na 'yan kwanaki ne, takarda kuwa tana nan shekara da shekaru.

Emitt Rhodes ya rasu cikin barcinsa a Hawthorne ran 19 ga Yuli 2020, yana da shekara 70. Waƙoƙi 12 ɗin nan da ya yi a bayan gidan iyayensa an sake buga su, suna kuma kan intanet, matasa masu aiki su kaɗai a ɗakunansu suna saurara suna koyon yadda ya jera su.